Igiyar Tagwayen Tasawa

Zulkifilu mai walda ne ya fara ganinsa. Ya shigo mustauda ɗin, wato katafaren siton da ake kokawa a ciki, wajen ƙarfe takwas na safiyar Asabar, da ledar karin kumallo, gurasar tamis da waken ful, a hannu, ya tarar da Dawuda kwance ruf-da-ciki a kan siminti a gefen dandamalin kokawa, wuyansa a karkace, numfashi na fita da ƙyar. Igiyar sama ta dandamalin ta tsinke tana reto. Ita wannan igiya sunanta kawai igiya, amma wayar ƙarfe ce aka naɗe da baƙin salatif, ko bijimi aka ɗaure da ita ba zai tsinka ta ba. Da shurɗa, wato 'yan sanda, suka zo suka warware salatif ɗin, sai ga cin zarto a fili. An ci fiye da rabin wayar, aka mayar da salatif aka rufe. Sauran nauyin Dawuda ne ya ƙarasa.

Kafin azahar, tun daga Birnin Masana'antu na Biyu har unguwar Utaiƙa a Riyad, duk inda Bahaushe ya haɗu da Bahaushe suna ɗaya ake ambata: Jibirilla.

Shekara tara Dawuda da Jibirilla suka yi suna kokawar zamani a ɓangare ɗaya, irin wadda ake shiga biyu-biyu, ɗaya na ciki ɗaya na jira a bakin igiya. Tagwayen Tasawa ake ce musu, ko da yake ba uwa ɗaya ta haife su ba. Amma makonni uku da suka wuce, a gaban 'yan kallo, Jibirilla ya ɗauki kujerar ƙarfe ya rafka wa Dawuda a gadon baya. Bidiyon yana cikin wayar kowa. Daren Asabar ɗin nan ne kuma za su kara da juna, karo na farko. Shurɗa suka yi wa Jibirilla tambayoyi, suka riƙe iƙamarsa, takardar izinin zama, suka sake shi a hannun kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, suka ce ya dawo ranar Alhamis.

Da la'asar sakaliya Dakta Nuru, likitan ƙashi mutumin Kano wanda Hausawan garin suka mayar uban ƙungiyarsu, ya tsayar da motarsa a ƙofar wata masana'antar kwali. Haris ɗin wurin, wato mai gadi, Malam Munzali, yana zaune a kan benci yana jan carbi. Dattijo ne siriri ɗan Tanut, mai shekara sittin da uku. Kafin ya zo Saudiyya ya yi shekara ashirin yana bin sawun raƙuman sata a dajin Damargu, kuma har yanzu in yana tafiya ƙasa yake kallo, ba fuskokin mutane ba.

"Malam, ka ji abin da ya faru," in ji Dakta bayan sun gaisa.

"Na ji. Yaya jikin nasa?"

"Inji ke yi masa numfashi. Ba zan ɓoye maka ba, sai addu'a." Ya zauna a gefen bencin. "Samari sun fara cewa za su je ɗakin Jibirilla. In shi ne, mu sani. In ba shi ba ne, mu sani tun kafin a yi abin da za a yi da-na-sani."

"Dakta, ni raƙumi na sani. Raƙumi ba ya tafiya a kan siminti."

"Ka dai je ka duba."

Munzali ya daɗe yana murza carbi. Ya san yaran nan tun suna dakon buhuna, suna kokawar gida a rairayi ranar Juma'a da yamma. Ya ce to.

*

Washegari da hantsi Abu Rakan, Balaraben da ya kafa ƙungiyar kokawar, ya buɗe masa mustauda ɗin. Idanunsa sun kumbura.

"Ya ammi, baffana, wallahi mutanenku ba su gane ba," in ji shi cikin Larabci, yana haɗawa da hannu. "Kujerar nan ni na tsara. Dawuda da kansa ya kawo shawarar. Ya ce shekara tara mutane suna ganinmu tare, sun gaji, bari mu raba gari a gabansu su sake zuwa. Sai da suka yi kwana huɗu suna gwada yadda za a buga ba tare da an ji ciwo ba. Jibirilla har kuka ya yi bayan an tashi."

"To me ya sa ba ka faɗa wa jama'a ba?"

"Na faɗa. Sun ce ina kare kasuwata."

Ya ce wasu baƙi daga wani babban kamfani na ƙasar waje za su zo kallon karon, kuma Dawuda, mai shekara talatin da takwas, ya san ba zai sake samun irin wannan dama ba. An shirya zai rufe wasan da tsalle daga igiyar sama. Tsallen ne Dawuda ya zo gwadawa shi kaɗai da sassafe, alhali a al'adarsa ba ya taɓa dandamali ranar wasa.

Munzali ya bar shi yana magana, ya shiga zagaye. Maƙwabciyar mustauda ɗin masana'antar tayil ce, farar ƙurarta kan shigo ta kwanta a kan komai kamar gari. Da a ce an bar wurin yadda yake, da ya karanta shi kamar allo. Amma shurɗa da masu motar asibiti da 'yan ganin ƙwaƙwaf sun tattake gefe uku. Saura gefe na huɗu, wani matsattsen lungu tsakanin dandamali da bango, inda aka jingine wata 'yar matakalar ƙarfe mai hawa uku. Kusurwar da igiyar ta tsinke nan take.

Ya durƙusa, ya kwantar da kumatu kusa da ƙasa, ya haska da wayarsa ta gefe. Ƙurar lungun a share take, wata irin shara mai laushi, ba ta tsintsiya ba, ba kuma ta tsumma ba. A kan hawa na biyu ya ga abin da sharar ta bari: rabin sawu, na gaba, ba takalmi. Babban yatsa ya ware daga 'yan'uwansa, na biyu ya fi shi tsawo, nauyin jiki ya kwanta a gefen waje.

Ya san wannan ƙafa. Ya sha ganinta a rairayi ranar Juma'a. Ƙafar Dawuda ce.

Ya nemo kwali ya kifa a kai, ya ce wa Abu Rakan kada kowa ya shiga lungun. Bai faɗa masa abin da ya gani ba.

*

Zulkifilu yana bayan mustauda yana shan shayi a tsaye. Shi ke ɗaura igiyoyin, kuma zarton da aka yi aikin da shi nasa ne. Wannan ya sa wasu suka fara sako sunansa a maganar.

"Baba, zartona ne, ban musa ba," ya ce. "A akwatin kayan aiki yake kwana, akwatin ba shi da kwaɗo. Eh, mun yi cacar baki da Dawuda a watan jiya, ya ce igiyata ta yi sanyi, na ce ya zo ya ɗaura da kansa. Don wannan zan kashe mutum?"

"Ban ce ka kashe kowa ba. Yaushe ka duba igiyar?"

"Ranar Juma'a, sha ɗaya na safe. Da hannuna na bi ta kusurwa-kusurwa, lafiya lau. Sha ɗaya da rabi muka kulle muka tafi masallaci, ni da mudir Abu Rakan. Ɗaya da rabi muka dawo." Ya ajiye kofin. "Da na buɗe akwati na ga bakin zarton a karye. Na ɗauka wani ne ya taka. Wallahi da na sani da na sake duba igiyar."

"Bayan nan an sake barin wurin ba kowa?"

"A'a. Muna ta jera kujeru har dare, ni na kulle, na kwana a ɗakin gadi da ke jikin ƙofa. Da safe na buɗe, na fita sayen abin karyawa."

"Mukulli nawa ne?"

"Uku. Na mudir, nawa, da na Tagwaye. Nasu guda ne, a wurin Jibirilla yake zama."

Munzali ya gode masa. Ya tafi yana lissafi a ransa: cikin awa biyun Juma'a aka yi aikin, lokacin da unguwar masana'antu kan zama kamar an share ta.

*

Ɗakin Tagwaye yana hawa na biyu a wani tsohon gini a Utaiƙa, bayan kasuwar dabino. An rubuta "maci amana" da gawayi a jikin ƙofar. Jibirilla yana zaune a ƙasa, ƙaton mutum ya naɗe kamar tabarma. Katifar Dawuda na nan yadda ya tashi ya bar ta.

"Baba, sannu da zuwa. Babu ko shayi, ka yi haƙuri."

"Ba shayi ya kawo ni ba. Ba ni labarinku."

Jibirilla ya dube shi da mamaki, don kwana biyu ba wanda ya tambaye shi komai sai zagi. Ya fara a hankali. Maraya ne, a gidan su Dawuda ya tashi, a kwano ɗaya. Tare suka fara kokawa bayan girbi, ƙauye-ƙauye, har aka ɗauke su cikin 'yan kokawar Maraɗi. Dawuda ya taɓa kaiwa kusa da takobin da ake ba zakaran ƙasa, wani ɗan Dosso ya kayar da shi a daƙiƙar ƙarshe. Daga nan gwiwa ta yi sanyi, suka biyo yayar Dawuda, Zouera, wadda ke aikin shara a asibiti a Riyad. Suna dakon siminti Abu Rakan ya gan su.

"Farko mun ɗauka kokawar zamanin nan raini ce. Ka faɗi da gangan? Ɗan kokawa? Dawuda ya yi wata guda yana fushi. Sai muka gane wannan ta fi ta gida wuya. A gida kana tsare kanka. A nan kai ke tsare abokin karonka. In na ɗaga mutum sama, wuyansa a hannuna yake." Ya kalli tafukansa. "Shekara tara ko targaɗe bai taɓa yi a hannuna ba."

"Ranar Juma'a ina mukulli yake?"

"A wurina."

"A wane masallaci ka yi salla?"

Jibirilla ya sunkuyar da kai. "Ban je ba."

Munzali ya dubi bakin ƙofa. Farar jallabiya na rataye, an sa ta sau ɗaya, da ƙamshin turare, ga darduma a naɗe a ƙarƙashinta da ɓurɓushin tsakuwar titi, irin ta wanda ya makara ya yi salla a waje. A dajin Damargu ya ga masu ƙarya don su kuɓuta ba adadi. Yau ne ya fara ganin mai ƙarya don a kama shi.

*

Ranar Litinin ya je asibiti. A barandar ɗakin masu jinya ta musamman ya tarar da Zouera zaune a kan kujerar roba, cikin baƙar abaya mai jan ƙasa. Mace ce mai kimanin shekara arba'in da biyar, fuskarta ta zabge. Nas-nas sun ce tun ranar Asabar ba ta kwanta ba.

"Ɗiyata, sannu. Allah ya ba shi lafiya."

"Amin, Baba Munzali." Ba ta ɗago ba. "An ce kana bincike."

"Ina dubawa dai."

"Ba Jibirilla ba ne. Ka faɗa musu. Ko kaza ba ya iya yankawa." Ta ja mayafi ta rufe baki.

Dakta Nuru ya shigar da shi ofis. Munzali ya zauna, ya rasa ta inda zai fara, daga bisani ya ce, "Dakta, akwai abin da zai sa yaron nan ya yanke igiyarsa da hannunsa?"

Dakta ya cire tabarau. Ya ce sirrin majiyyaci ne, amma yanzu ɓoyewa ba ta da amfani. Wata biyu da suka wuce Dawuda ya zo da ciwon hannu, aka ɗauki hoton wuyansa, aka ga ƙasusuwa biyu sun cinye. Faɗuwa ɗaya mai kyau za ta iya kwantar da shi har abada.

"Na ce ya bari. Ya ce bayan wannan wasan. Ya roƙe ni kada Jibirilla ya ji, don in ya ji ba zai taɓa shi ba, wasan ya lalace."

"Wa kuma ya sani?"

"Yayarsa. Ita ta rako shi. Amma in kana tunanin shi ya yanke, cire wannan. Ranar Juma'a tun goma na safe yana gidana a unguwar Nasiriya. Kafaɗa da kafaɗa muka yi salla. Har ƙarfe biyu ina yi masa magiya, yana dariya yana cin shinkafata."

Munzali ya fito kansa a ɗaure. Ƙafar Dawuda ce a kan matakala, Dawuda kuwa yana Nasiriya. Ya yi tunanin ko tsohon sawu ne, amma Zulkifilu ya goge matakalar da safiyar Juma'a, ya ce. Ya fara zargin idonsa. Watakila shekara goma sha biyu na kallon tayoyin tirela sun kashe masa abin da ya gada.

Ranar Talata da walaha Dawuda ya cika.

*

An yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi maƙabarta a wajen gari. Jibirilla ya tsaya nesa, can bayan sahu. Da aka zo zuba ƙasa ya matso, wani saurayi ya tare shi da ƙirji, sai da Dakta ya daka tsawa. Kowa ya san yanzu maganar ta tashi daga rauni ta koma jini, kuma a ƙasar nan jini ba abin wasa ba ne.

Aka zauna makoki a gidan wani ɗan Maraɗi a Utaiƙa, maza a falo, mata a ciki. Ranar Laraba da hantsi Munzali yana zaune kusa da ƙofar da ta raba wuraren biyu, kansa a ƙasa kamar kullum. Aka ɗaga labule. Zouera ce ta miƙo tiren kofunan gahawa. Daga wurin wanke-wanke ta fito, ba takalmi, ƙafafunta a jiƙe. Wani ya karɓa, ta juya ta koma.

A kan tayil ɗin ta bar sawu uku na ruwa. Gefen abayarta ya bi ta kansu ya shafe dugadugan, shara mai laushi, ya bar gaban. Babban yatsa a ware. Na biyu ya fi shi tsawo. Nauyi a gefen waje.

Munzali ya zuba wa sawun ido har fanka ta busar da su. Ashe idonsa bai mutu ba. Mahaifinsa ya koya masa tun yana yaro cewa 'yan ciki ɗaya sukan taka ƙasa iri ɗaya, shi ne ya bari ƙauna ta mantar da shi. Aka miƙo masa gahawa, ya karɓa, ya riƙe har ta huce. Bai taɓa bin sawu ya yi fatan ya ɓace masa ba sai wannan.

*

Ranar Alhamis da safe, awa uku kafin lokacin da shurɗa suka ba Jibirilla, ya tara su a mustauda: Abu Rakan, Zulkifilu, Dakta Nuru, Jibirilla da Zouera. Ya hana samari shigowa. Kujerun da aka jera don wasan suna nan ba a kwashe ba, suka zauna a sahun gaba.

"Abin da ƙasa ta faɗa mini shi zan faɗa," in ji Munzali. "An yanke wayar nan lokacin sallar Juma'a. Wanda ya yi bai iya zarto ba, ya yi ta zamewa, har bakin ya karye masa kafin ya gama. Mai son kisa ba zai so ya gama ba, zai bar saura da gangan. Wannan so ya yi ya raba wayar biyu, kowa ya gani, a fasa wasa. Ƙarfi ne ya gaza masa, lokaci kuma ya ƙure."

Jibirilla ya miƙe tsaye. "Baba, ya isa. Ni ne. Mukulli a wurina yake, ban je masallaci ba. Ku kai ni."

Zulkifilu ya yi salati. Abu Rakan ya kama kai.

"Zo nan," in ji Munzali. Ya kai shi lungun, sauran suka biyo. Ya ɗage kwalin. "Cire takalminka. Taka hawa na farko."

Jibirilla ya tsaya cak.

"Taka, ɗana."

Ya taka. Da ya ɗage, sai ga sawu faffaɗa kamar faranti, yatsu a jere a haɗe. Ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne da na samansa.

"Wanda ya hau nan ya cire takalmi, don ya san Dawuda ba ya yarda a taka dandamalinsa da takalmi. Tufarsa kuma doguwa ce, tana share bayansa." Munzali bai dubi kowa ba. "Iyakar abin da zan ce ke nan. Sauran ba nawa ba ne."

Zouera ta matso gaba.

"Jibirilla, sa takalminka," in ji Zouera.

"Yaya, don Allah ki yi shiru."

"Na yi shirun. Kwana biyar ina yi." Ta dafa bango. Muryarta ba ta rawa, kamar wadda ta riga ta gama kukanta. "Da muka fito daga wurin Dakta, a cikin mota ya ɗora hannuna a kan Alƙur'ani, ya ce in rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Na rantse. Ni na goye shi, Baba. Na yi masa kuka, na yi masa fushi, na daina kai masa abinci. Ya ce Yaya, wasa ɗaya ne. Na ce a raina, bakina aka ɗaure, ba hannuna ba. Na ji Zulkifilu ya taɓa cewa in waya ta lalace sai an yi mako biyu kafin a kawo wata. Na ce baƙin za su gaji su tafi."

Ta ce ta karɓi mukulli wurin Jibirilla da sunan za ta kwaso kayan wankin Dawuda. Ta yi ta gogawa har hannunta ya fashe, zarton ya karye, ta ji motoci sun fara dawowa daga masallaci. Ta tsorata, ta mayar da salatif don kada a gane a gyara, da niyyar ta dawo da sabon zarto ranar Asabar da sassafe, tunda ta san ba ya hawa dandamali ranar wasa.

"Na sayi zarton. Yana cikin jakata har yanzu. Dawam ɗina, aikin dare, ƙarfe shida yake tashi. Wadda za ta karɓe ni ta makara, sai bakwai da rabi ta zo." Ta dubi igiyar da ke reto. "Ina cikin tasi aka kira ni."

Ta sulale ta zauna cikin farar ƙurar. Jibirilla ya durƙusa gabanta yana kuka kamar yaro.

"Wuyansa?" yake cewa. "Wuyansa a lalace, ni kuma ina ɗaga shi kullum? Me ya sa ba wanda ya faɗa mini? Da kallo ɗaya kika yi mini, Yaya, da na karya hannuna da kaina an fasa."

Dakta Nuru ya juya ya fuskanci bango.

*

Da ƙafarta ta shiga ofishin shurɗa, Munzali da Dakta na biye. Jami'in ya saurara har ƙarshe, ya rufe fayil. Ya ce hukuma tana da nata haƙƙin, alƙali zai duba. Amma haƙƙin jini na magada ne. Dawuda bai bar mata ko ɗa ba, mahaifinsu ya rasu. Saura mahaifiyarsu, tsohuwa a Tasawa.

An sanar da ita rasuwar tun ranar Talata, amma ba a faɗa mata yadda aka yi ba. Dakta ya ce shi ba zai iya ba. Jibirilla ko magana ba ya iyawa. Wayar ta dawo hannun Munzali.

Ya zauna a kan dakalin ƙofar ofishin, rana na dukan kwalta, ya kira. Aka kai wa tsohuwar waya. Ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya faɗa mata komai, tiryan-tiryan, bai rage ba bai ƙara ba. Yana jin kukan akuya da muryoyin masu zaman makoki a bayanta. Da ya gama, ya duba wayar ko layin ya yanke.

"Malam," in ji ta, "kai ne ka gano?"

"Ni ne, Inna. Ki gafarce ni."

"Mi ka yi mini? Gaskiya ka hwaɗi." Ta numfasa. "Ta ci abinci?"

Munzali ya ji hawaye na bin gemunsa.

"Ka hwaɗa ma masu hukunci na yahe. Ko za su rubuta, ko za su ɗauki muryata, na yahe duniya da lahira. Shi kun rufe shi can, ban ga gawarshi ba, ba ni kuma ganin kabarinshi. Ita ku turo mini abata da ranta. Shi ma wancan marayan, ka ce mishi ya taho gida hakanan. Kokawar ta isa."

Alƙali ya ba Zouera wata takwas, sannan a mayar da ita ƙasarta. Abu Rakan ya sa aka kawo sabuwar igiyar dandamali, ya yi ta aike wurin Jibirilla, ya ce baƙin nan sun ga bidiyonsa suna son shi ko shi kaɗai. Jibirilla ya koma dakon siminti. Duk ranar ziyara yakan hau bas ya kai mata dabino da sabulu, ya zauna bayan gilashi har a tashe su.

Ranar da aka sake ta, jirgi ɗaya suka hau ita da Jibirilla. Munzali ya nemi izinin rabin yini a wurin mudirinsa ya raka su. A bakin layin shiga Zouera ta tsaya, ta juyo.

"Baba, da ka yi shiru, da sun kashe Jibirilla a madadina, ni kuma da na bari. Ina jin da na bari." Ta share ido da gefen mayafi. "Ka riƙa zuwa wurin Dawuda. Ba shi da kowa a nan yanzu."

"Zan riƙa zuwa, ɗiyata."

Ya tsaya har suka shige. Daga filin jirgin bai koma bakin ƙofar da yake gadi ba. Ya tari tasi, ya ce a kai shi maƙabarta.